Ƙudajen da Baffa Ya Tara Mini

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne ɗan Sarkawa masunta daga Wara. Na gama difloma a kan aikin ɗakin gwaje-gwaje, takardar tana kwance ƙarƙashin katifa, ni kuwa ina kan babur ina kabu-kabu a Yelwa. Ina da baki, ina da fara'a, kuma na ƙware wajen nuna cewa na san abin da ban sani ba. Abu ɗaya na ɓoye wa duniya, shi ne tsoron ruwa. Tun ina ƙarami kwalekwale ya kife da ni da babana, aka tsamo ni ciki ya cika fam, daga ranar ko wanka na je yi bakin gulbi ba na bari ruwa ya wuce mini gwiwa. A gidanmu wannan abin kunya ne da ba a faɗa, domin kakana da ubana da ƙannena duk a ruwa suke neman abinci. Boko ce ta rufa mini asiri, ana cewa ai wane ɗan makaranta ne, ina ya ga lokacin kamun kifi. Inna kaɗai ta san gaskiya, ita ma ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Ana nan sai wata malamar jami'a, wadda kowa ke ce wa Dakta, ta zo yankinmu da aikin bincike a kan ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu ciwon sammore. Shekara da shekaru tana rubuta takardu kafin gwamnati ta ba ta kuɗin aikin, kuma an gaya mata na damina ɗaya ne. Tana neman wanda ya yi karatu kuma ya san ruwa. Da aka ce mata ga ɗan Sarkawa mai difloma, ko dogon bincike ba ta yi ba ta ɗauke ni. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai wani gungu, wato tsibiri, can tsakiyar tafki, mai kurmi a gefe ɗaya, inda Fulani ke kiwo. Kafin a datse ruwa a Kainji haɗe yake da tudu. Abin da take son sani shi ne, ƙudajen gungun sun yanke hulɗa da na gaɓa tun daga lokacin, ko har yanzu suna ƙetarawa suna barbara da juna. Ta ce ana gane haka daga ƙwayoyin halittar da kowane ƙuda ya gada a jikinsa, kamar yadda ake gane 'yan gida ɗaya da kama. Idan na gungu a ware suke, za a saki kuɗin zango na biyu, a baza tarkuna masu magani ko'ina a gungun a ƙarar da su gaba ɗaya. Idan kuwa suna cuɗanya da na gaɓa, wahalar banza ce, don ana kashewa wasu na shigowa.

Aikina ba mai wuya ba ne. An kafa tarkuna na ƙyalle shuɗi da baƙi, wasu a wani kurmi kusa da Wara, wasu a gungun. Duk mako biyu in zaga in kwashe abin da suka kama, in zuba a 'yan kwalabe masu sifirit tun ƙudajen ba su lalace ba, in rubuta wuri da rana a jikin kowace kwalba. Dakta ta maimaita mini har sau uku cewa rubutun nan shi ne ran aikin, kwalbar da aka yi wa rubutun kuskure gara a zubar da ita.

Zuwanmu na farko gungun da bazara ne, ruwa kwance lumui, a babban jirgin inji. Na zauna tsakiya na riƙe katako, ina ta zuba surutu don kada a gane tsoro nake ji. A can muka sauka rugar wani dattijo da nake ce wa Baffa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma kowace saniya a garkensa ya san uwarta da kakarta. Ya nuna mana wasu guda uku da suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ido na zubar da ruwa. Ya ce duk damina sai sammore ya ɗauki rabonsa, kuma ciwon ya daina jin allura. Da Dakta ta gaya masa abin da ake fata, sai ya tashi ya sassaro sanduna ya taya mu kafa tarkunan. Ya yi alkawarin ba saniyar da za ta taɓa su. Matarsa ta kawo kindirmo a sabuwar ƙwarya, shi kuma ya laƙaba mini suna Malamin Ƙuda, har muka shiga jirgi yana dariyar sunan.

Dakta ta koma jami'a, damina ta sauka. Ranar da ya kamata in ƙetara ni kaɗai, na isa tashar jirgi ta Wara da akwatin kwalabe a kafaɗa. Jirgin ya sha lodi har bakinsa na shafar ruwa, ga hadari ya haɗo daga gabas, ga raƙuman ruwa na dukan gaɓa. Na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai na ji ɗanɗanon ruwan nan na yarinta a maƙogwarona. Mai jirgin abokin babana ne, ya ce in shigo mana ɗan gida. Na ce masa na yi mantuwa, su tafi zan biyo na baya. Na koma gindin wata bishiya na zauna har jirgin ya ɓace mini.

Da a nan na tsaya na kira Dakta na ce na kasa, da yau ba ni da abin rubutawa. To amma yaya ɗan Sarkawa zai buɗe baki ya gaya wa mace baƙuwa cewa ruwa yake tsoro, alhali don ruwan aka ɗauke shi? A makon nan tarkunan kurmin Wara sun kama da yawa, har kwalabensu suka cika aka samu ragowa. Na dube su a tafin hannuna na ce a raina, ƙuda ai ƙuda ne, fiffike iri ɗaya, baki iri ɗaya, wa zai tambaye shi garinsu? Na zuba ragowar a kwalaben gungu, na rubuta sunan gungun da kyakkyawan rubutuna, na aika wa Dakta. Na yi wa kaina alkawarin sau ɗaya ne, mako biyu masu zuwa zan ƙetara. Mako biyun suka zo da iska fiye da ta farko. Na uku ban ma je tashar ba. Haka na cinye daminar nan kaf, ƙafata ba ta taka gungun ba. Ran kasuwar Wara matan gungun masu tallar nono sukan tare ni su ce Baffa na gaishe da Malamin Ƙuda, yana tambaya ko lafiya. Nakan ce su gaya masa aiki ne ya yi yawa, ina nan tafe.

Bayan watanni Dakta ta dawo da sakamako. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini ɗige-ɗige, ja na gaɓa, kore na gungu, duk sun cakuɗe wuri ɗaya kamar gero da dawa a tabarma. Fuskarta ba walwala. Ta ce ta sa rai za ta ga sun rabu, amma ga shi kamar uwa ɗaya ta haife su, har abin ya ɗaure mata kai. Sai ta rufe kwamfutar ta dube ni ido cikin ido, ta tambaye ni ko da hannuna na kwaso na gungun, kuma ko akwai ranar da kwalabe suka rikice mini. Ta ce in akwai in faɗa, ba za ta yi fushi ba, kuskure kowa na yi. Wallahi ƙofa ce ta buɗe mini har bango. Na ce mata da hannuna na kwaso, har na ƙara da labarin yadda iska ta kusa kifar da mu wata rana. Wannan ƙaryar ta fi ta farko ci mini rai, domin ta farko tsoro ne ya sa ni, wannan kuwa ina cikin hankalina. Ta yi ajiyar zuciya ta ce to shi ke nan, abin da ta gani shi za ta rubuta ko da bai yi mata daɗi ba. Rahoto ya tafi, aka soke zango na biyu, aka karkata kuɗin wani wuri. Kafin ta tafi ta rubuta mini takardar yabo, da ita na samu aikin da nake ci da iyalina yau.

Damina biyu suka wuce. Wata Juma'a na je gaida Inna, na tarar da ɗaya daga matan nan masu nono tana ba ta labarin cewa sammore ya shiga garken Baffa ya yi masa kaca-kaca. Bayan matar ta fita, Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta ba ta dube ni ba. Can ta ce ita fa duk daminar da na yi aikin nan ita ke wanke mini kaya, ba ta taɓa jin ƙarnin ruwa a jikinsu ba, takalmina kuma jar ƙasar kurmi yake kwasowa. Ta ce ta yi shiru ne tana jiran in faɗa da kaina. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi ruwa ya kwanta yanzu, jirgi na tashi da hantsi.

Na ƙetara. Yadda na yi ban sani ba, idona a rufe har muka isa. Inda na san garke ya cika fili, sai 'yan shanu da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, turaku da yawa ba kowa. Baffa ya ƙara ramewa, amma da ya hango ni ya taso da murna yana cewa yau ga Malamin Ƙuda. Ya kai ni na ga tarkunan, suna nan tsaye inda muka kafa su. Ɗaya ya yage, an yi masa faci da shuɗin zanen matarsa. Daga nan ya shiga bukka ya fito da buhu, ya zazzage a gabana. Gwangwanayen madara ne, kowanne an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure da igiya. Ya ce da ya ga ban zo ba, ya san aikin gwamnati ne ya riƙe ni, shi ne duk mako biyu yake kwashe ƙudajen ya adana mini, kada wahalar Dakta ta tafi a banza. Tun da bai iya rubutu ba, ƙulli yake yi a igiyar don in gane na wane zagaye ne. Na buɗe ɗaya. Sun yi funfuna sun zama gari, sai 'yan fikafikai.

A nan na durƙusa na gaya masa komai, tun daga tashar jirgi har ƙaryar da na yi wa Dakta. Ya juya ya dubi shanunsa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce ashe tsoron ruwa ne kawai. Ya ce shi ma tsoronsa yake ji, shekararsa nawa rabonsa da Wara. Da na aiko masa da kwalaben nan ta hannun masu nono na nuna musu yadda ake yi, ai da duk ran kasuwa sun kawo mini su har gida. Sannan ya sa aka kawo mini kindirmo, na kasa sha.

Da na dawo na kira Dakta. Na gaya mata gaskiya duka. Ba ta zage ni ba, ta ce dole ta rubuta ta janye rahoton, kuma ta san abin da hakan zai jawo wa sunanta. Ta janye ɗin. Tun daga nan ta sake neman kuɗin aikin ba sau ɗaya ba, ba a ba ta ba. Na tambaye ta ko garin da ke gwangwanayen zai yi amfani, ta ce ya riga ya lalace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta ce har yau ba wanda ya san ko ƙudajen gungun a ware suke. Wataƙila da an ceci shanun Baffa, wataƙila da ba a cece su ba. Dama ɗaya aka samu ta sani, ni na zubar da ita. Baffa ya kwashe abin da ya rage masa ya bar gungun da rani, an ce ya yi wajen Shanga, ban sake ganinsa ba.

Na rubuto ne saboda matasa irina da ake ɗauka aikin tattara samfur, ko na ƙwari, ko na jini, ko na ƙasa. Mukan ɗauka mu ne ƙananan ma'aikata, manyan suna can gaban na'ura. Na'urar nan ba ta san komai ba sai abin da ka rubuta a jikin kwalba, kuma bayan kowace kwalba akwai wani da ke jira, wanda ba zai taɓa ganin rahoton ba. Kuɗin bincike a ƙasar nan ba kullum yake fitowa ba, in ka ɓata shi da wuya a sake. In akwai abin da ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri, kunyar ta yini ɗaya ce, kuma sau da yawa mafitar tana hannun wanda kake ɓoye wa. Ni na tsare mutuncina na ɗan Sarkawa, ba wanda ya yi mini dariya a tashar Wara, wani kuma ya biya da garkensa. Gwangwanayen suna nan a ɗakina, na ƙirga ƙullin da ke jikinsu, ko zagaye ɗaya Baffa bai tsallake ba. Ina roƙon Allah Ya yafe mini, Ya mayar masa da abin da ya rasa.