Yafiya Sai An Sauka

Cikin tafiye-tafiyen da na yi da maniyyata, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Ni ɗan rakiya ne. Aikinmu shi ne mu zaunar da kowa a kujerarsa, mu ɗaura wa tsofaffi bel, mu mayar masu da maganar ma'aikatan jirgi zuwa Hausa. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci na manya ba, amma ina iya karanta lambar kujera.

A wannan tashin an zaunar da ni kusa da Malam Sada, wani dattijo mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa. Bai taɓa hawa jirgi ba. Mai ɗakinsa, Inna Mairo, lambarta ta kai ta can baya cikin mata.

Mun yi nisa sai jirgi ya shiga gargada, wato iska ta riƙa jijjiga shi kamar mota a kan hanya mai ramuka. Aka kunna fitilar bel. In ta kama, doka ita ce ba mai tashi, har mu 'yan rakiya, don wanda ke tsaye yana iya buga kansa da rufi.

Sai na ga Malam Sada yana kiciniyar kwance bel. Na riƙe hannunsa.

Na ce, "Baba, gargada ce, yanzu za ta wuce."

Ya ce, "Ɗana, ba mutuwar ba ce. Sake ni in je ta yahe mani. Na yi mata faɗa da sahe kan jaka."

Na yi ta bayani a kan ƙarfin jirgi da gwanintar matuƙi, bai ji ko ɗaya ba. Ya fi ni ƙarfi, kuma ya kusa zamewa. Da na rasa dabara, sai na juya ga mutumin bayanmu na ce ya miƙa saƙo: a gaya wa Inna Mairo maigidanta na neman gafara. Saƙo ya bi layi, baki zuwa baki, jirgi na ta girgiza, Malam Sada ya ƙura wa bayan kujera ido.

Can amsa ta dawo. Mutumin bayanmu yana danne dariya ya ce, "Wai ta ce shi zamna. Yafiya sai an sauka, akwai sauran magana."

Malam Sada ya saki ƙarfen bel ɗin, ya jingina.

Ya ce, "Kai, matar nan. In da ta ga mutuwa ai da ta yahe."

Daga nan har gargada ta lafa, tasbihinsa kawai yake ja.

Ku sababbin 'yan rakiya, abin da na koya ke nan. Kafin ka cika mai tsoro da bayani, tambaye shi abin da yake tsoro, don sau da yawa ba jirgin ba ne. Tun daga ranar, in na ga tsoho da matarsa an raba masu kujera, sai na roƙi wani ya yi musanya tun jirgi na ƙasa.