Takardun Ramin Azurfa a Kwantenar Sallah

Mahaifina maƙerin fari ne. Ya ƙare rayuwarsa yana narka azurfa yana yi wa mata awarwaro, amma bai taɓa ganin inda ake haƙo ta ba. Shi ya sa da na ga takardun nan a wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Liwan, can ƙasar waje inda muke zuwa saro kaya, ƙafata ta ƙi gaba. Takardun hannun jari ne na kamfanonin haƙar azurfa na Amurka, tun zamanin da Turawa ke kutsawa daji da jakuna. Sun yi ja don tsufa, ga hatimi, ga zanen mutane da diga a bakin rami. Mai shagon ya rantse ba na biyunsu a duk garin. Na saya, na yi ta cika baki a masauki har abokai suka gaji da ni.

To, mu ƙananan 'yan kasuwa ba ma cika kwantena mu kaɗai. Haɗaka muke yi, kuma duk ƙofar da ta rage tsakanin kwalaye sai mun cusa mata wani abu, ba mai rubutawa. Haka na soke takarduna a cikin dilar wani dattijo ɗan Maradi, wanda ya ba ni gurbi saboda mutunci kawai. Dilar kayan yara ce ta Sallah daga kasuwar Shisanhang, jarinsa kaf.

Ranar lodi a tashar jirgin ruwa ta Huangpu aka zaɓi kwantenarmu don bincike. Wuƙa ɗaya jami'in kwastan, wato duwan a bakin mutanen Maradi, ya sa wa dilar, sai ga takarduna a ƙasa. Ya ɗaga ɗaya, fuskarsa ta canza. Tafintanmu ya ce mana fitar da kayan tarihi ba izini babban laifi ne. In na gaske ne, za a riƙe kwantenar duka, jirgi ya tafi ya bar mu. Kayan Sallah kuwa in suka iso bayan Sallah sun zama tsumma.

Dattijon bai zage ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Carbinsa kawai yake ja. Can ya dube ni ya ce, "Ɗana, da duwan ake wasa? Ka ce mini na gaske ne?"

Na ce, "Haka aka ce mini, Baba."

Aka kira wata jami'a mai farar safar hannu. Ta haska takardar da fitila, ta duba ta da madubin ƙara girma, ta juya bayanta. Ni da na yi mako ina rantsuwa a kan ingancinsu, sai ga ni ina roƙon Allah Ya sa an cuce ni. Ta kai takardar hanci, ta shinshina, ta yi wata magana, abokan aikinta suka tuntsire da dariya. Tafinta ya ce sabbin bugu ne, a ruwan shayi aka jiƙa su don su yi kama da tsofaffi. Aka ja mana kunne, aka rufe kwantena.

Dattijon ya tsince takardun daga ƙasa da kansa, ya kakkaɓe su, ya miƙo mini.

"In ka koma Liwan ka gaishe mini da wanda ya cuce ka," in ji shi. "Yau ya fi ka yi mini rana."

Tun daga lodin nan bai sake ba ni gurbi ba.