Kofin da Ya Sauka a Shagon Ammi Hamidu

A lungunmu na unguwar Jarwal a Makka, tun lantarki bai san da zamanmu ba, ba a fara tatsuniya sai an yi isha'i an kwashe kwanuka. Kakata, wadda muke kira Sitti kamar yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran tasu, takan jawo kaskon gawayi ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu da duk yaron maƙwabta da ya jiyo ƙamshin na'ana'a. Daga Kano ta taso da ƙafa, babana yana goye, ba su iso Makka ba sai da ya yi wayo. Duk wannan tafiya ba ta rage mata baki ko kaɗan ba. Tsohuwa ce mai faɗa. Ko a tatsuniya sai ta zaɓi ɓangare, in kura ta yi zalunci ta dakata ta wanke ta tas kafin ta ci gaba.

Akwai guda ɗaya da ba ma so, ita kuwa Sitti ba ta gajiya da ita. Takan fara da cewa, "To, ga ta nan ta sake zuwa, ko kuna so ko ba kwa so."

Wai an yi wani saurayi matalauci da ya ji labarin garin jajayen mutane a bayan yashi, inda aiki yake neman mai yi. Amma mai gadin ƙofar garin ba ya barin kowa ya shiga sai wanda sunansa yake a takarda, shi kuwa saurayin ba shi da takarda. Sai ya je wurin maƙwabcinsa, wani malalaci mai barcin hantsi, ya ari sunansa kamar yadda ake aron riga ranar biki. Ya shiga garin, ya tarar jajayen suna da wani wasa: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tare ta da kulki. Da suka ga ƙarfin hannunsa sai suka sa shi jifa. A garin kuwa kowa ya san majefi ba ya iya bugu. In layi ya zo kansa, 'yan kallo shan ruwa suke tafiya. Ranar da aka miƙa wa saurayin kulki, ya zabga wa ƙwallo duka ɗaya ta haye shinge ta ɓace. Aka ce sa'a ce. Ya sake, ya kuma sakewa, har aka daina zuwa shan ruwa. Sarkin garin ya ce tunda aka kafa filin ba a yi majefin da ya fitar da ƙwallo sau da yawa haka ba, ya sa aka zana sunansa a jikin kofin azurfa, aka aika wa mai suna.

A nan Sitti take tsayawa, ta hau fifita gawayi kamar shi ya yi mata laifi.

"Sitti, sai kuma me?"

"Sai me kuwa? Halas! Malalaci ya karɓe kofi. Ku tashi ku kwanta."

Mu dai haushi muke ji. Tatsuniya ba a kama mugu ba, ba a yi wa mai gaskiya sarauta ba, ina daɗinta?

A bakin lungun namu akwai shagon Ammi Hamidu, wato Baffa Hamidu, mai gyaɗa da goro, haifaffen Makka, mai ƙaton tumbi da daɗin baki. A saman kantarsa akwai wani kofi mai ƙyalli da rubutun nasara a jiki, kullum sai ya goge shi da gefen rawaninsa. In alhazai sun cika unguwa, yakan sauko da shi ya ba su labarin yadda ya kunyata Amurkawa a wasansu, har ya ɗauki muciya ya gwada. Mu yara mu saki baki. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa wannan kofi da na tatsuniya ba. Kofin tatsuniya ai a tatsuniya yake.

Babana kuwa, Sule, tasbaha yake sayarwa a hanyar Harami. Mutum ne shiru-shiru, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Na san ya yi shekaru yana aiki can gabas wajen Amurkawa masu haƙar mai, amma ban taɓa jin ya yi zancen ba. Wata rana, ina da shekara takwas ko tara, na dawo daga shagon kaina cike da labari, na same shi yana cin abinci.

"Baba, kai ma fa ka je wajen Amurkawa. Me ya sa ba ka iya komai irin na Ammi Hamidu ba?"

Lomar da ke hannunsa ya mayar cikin kwano. Ya wanke hannu, ya sa takalmi, ya fita. Har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ranar Sitti ta kori yaran maƙwabta, ta ce babu tatsuniya. Ta ja ni gefen kasko, ta riƙe min kunne, ba da wasa ba.

"Zulai, ke wace irin sakarya ce? Shekara nawa ina ba ku labarin ubanku? Hamidu ko Ɗa'ifa bai taɓa wucewa ba! Takardar tabi'iyyarsa ta zama ɗan ƙasa ubanki ya karɓa ya shiga aikin sharika, kamfanin man nan, da ita, don mu ba mu da ita. Can kowa Hamidu yake ce masa. Hannun nan da kike rainawa, jifan da suka yi ta sa shi ne ya kashe shi."

"To Sitti, me ya sa ba a karɓo kofin ba?"

"A karɓo a ce wa ya ci? A ce Sule ya yi aiki da takardar wani? Ya binti, 'yar nan, shurɗa kike so, 'yan sanda, su zo su kwashe mu a zuba a jirgin ruwa? In na ji wannan magana a bakinki a waje, sai na yanke harshen."

A daren na ji sauran. Kafaɗar ce ta sa Baba ya dawo gida kafin a raba kyauta. Bayan wata biyu wani direban kamfanin, Musulmi, ya shigo Jarwal da kofi a cikin akwati yana cigiyar mai suna, yara suka raka shi shagon. Ammi Hamidu ya sa hannu biyu ya karɓa, har da yin fatiha. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk manyan lungun sun sani. Suna zaune a bencin shagon suna cin gyaɗa, mutum yana zuba ƙarya a kan gumin wani, su ce masha Allah. Na san tsoro ne ya rufe musu baki, mu suke rufa wa asiri. Amma ko dariyar da suke taya shi da sun rage.

Sai da na girma na san wasan besbol ake ce masa, kuma ko a ƙasar masu shi majefin da yake fitar da ƙwallo waje abin nunawa ne, har lissafinsu daban ake ajiyewa don kada a manta da su. Wato abin da Baba ya yi ba ƙaramin abu ba ne ko a wurin masu abin. Sannan na gane dalilin da ya sa Sitti ta ƙi ƙarasa tatsuniyar. Ba ta iya faɗin gaskiya a fili ba, ba ta kuma yarda ta ƙaga mana ƙarshe mai daɗi na ƙarya ba, sai ta riƙa zuba mana haushin da ɗumi-ɗuminsa don kada ya huce.

Bayan Sitti ta rasu, Ammi Hamidu ma ya bi ta, kofin ya koma falon babban ɗansa. Lokacin Baba ya samu takardarsa ta kansa, ni ma ina aure a unguwar Rusaifa. Na zo na same shi na ce yanzu ba abin tsoro, ya ba ni izini in je in faɗa wa 'ya'yan Ammi Hamidu gaskiya, ko ba su bayar ba su sani.

Sai ya ce, "Zulai, mutumin nan ya ba ni sunansa ranar da kowa ya ji tsoron ba ni. In da an kama ni, tare za a ɗaure mu. Da sunan nan kuka ci kuka sha shekara shida. Ki bar wa 'ya'yansa ubansu."

Ban je ba, don ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Amma na gaya masa a ranar, kuma ban janye ba har ya koma ga Allah: shi ya yafe, ni da Sitti ba mu yafe ba.