Hannun Baba Ƙayau

Mahaifina mai wanki da guga ne, kuma duk tsawon rayuwarsa abokin gabansa ɗaya ne, danshi. Kana iya zaginsa ya yi maka shiru, amma rataya jiƙaƙƙen tawul a bayan ƙofa ka ga tashin hankali. Shagonsa na ƙasan benen da muke haya, dogon ɗaki ne, teburin guga a tsakiya, igiyoyin shanya sun ratsa sama. Ba ya miƙa wa mutum rigarsa sai ya kara ta a kumatunsa. In ya ji sanyi-sanyi a ɗinkin hammata, ta koma kan igiya ke nan, ko da mai ita na tsaye yana duba agogo. "Sai ta bushe ƙayau," haka yake cewa, har 'yan layinmu suka laƙaba masa Baba Ƙayau. Yana amsawa kuwa.

Ni ce autarsa, ni ce kuma na gaji taurin kansa, shi ya sa ba ma daɗewa a ɗaki ɗaya ba mu yi ba. Inna ce mai raba mu. Baba bai iya daɗin baki ba, son da yake mata duk a dutsen guga yake. Da zarar sanyi ya shigo, kullum sai ya goge mata zanen gado ta kwanta a kan ɗumi. Ita kuwa sai ta ce, "Maigida, wata rana ni ma sai ka shanya ni."

Da tsufa ya zo, idon Inna ne ya fara tafiya, sannan mantuwa ta biyo baya. Sunayenmu suka zube mata ɗaya bayan ɗaya. Ni takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, abin yana min ciwo, amma ina amsawa. Abu guda ne bai ɓace mata ba, hannun Baba. Tafinsa duk kanta ne, ga tabon ƙuna a gindin babban yatsa. In ta laluba ta taɓa tabon nan sai jikinta ya saki, ta buɗe baki ta karɓi abinci.

A sanyin da ya zama na ƙarshenta, Baba ya shirya mata ɗaki irin shirinsa. Ya shimfiɗa kafet mai kauri, ya sayo lallausan bargo irin na zaren roba, ya liƙe duk wata kafa ta taga, hitar ɗumama ɗaki kuma ba ta hutawa. Ɗakin ya yi ɗumi, amma leɓunanmu suka tsage, hanci har jini.

Ina wurin ranar da abin ya fara. Baba ya tako kan kafet da safa a ƙafarsa, ya kakkaɓe bargon ya lulluɓe ta, ya miƙa hannu zai kama nata. Sai ji na yi tas, ɗan tartsatsi ya tashi tsakanin yatsunsu. Inna ta zabura ta fizge hannunta.

"Wa ya soke ni?"

"Ni ne fa," in ji Baba. Ya sake miƙa hannu, ta ƙi.

Washegari haka, jibi ma haka. Ni ba kasafai yake faruwa da ni ba, don kullum daga wajen wanke-wanke nake shigowa, ƙafa ba takalmi, hannu da lema. Nan da nan Inna ta gane takun Baba, da ta ji shi sai ta cusa hannuwanta cikin bargo ta juya wa bango fuska. Ta ce akwai wani mutum a gidan nan mai yawo da allura. Baba ya zazzage gadon kaf, ya laluba katifa, ya sa aka duba wayoyin lantarki, ba a ga komai ba.

Nas ɗin da ke zuwa duba Inna ce ta warware mana. Ta ce iskar ɗakin ce ta bushe da yawa. Gogar safa da kafet da kakkaɓar bargon roba suna tara wa mutum 'yar wuta a jiki, da ya taɓa wani sai ta fita. In da danshi a iska, wutar kan tsiyaye da kanta ba ta taruwa. Ta ce mu nemi na'urar danshi. A bakin ƙofa kuma ta rage murya ta ce min jikin Inna ya yi nisa, duk abin da za mu yi mu yi shi da wuri.

Ranar na sayo ta. Fara ce, ba ta kai bokiti ba, a zuba mata ruwa ta riƙa fitar da siririn tururi mai sanyi. Na kunna na shiga kicin. Kafin in fito Baba ya zare wayar, ya juye ruwan a bayi, har ya goge cikinta da tsumma.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wai kai wane irin mutum ne? Matarka na gudun hannunka, ga magani, ka zubar!"

"Ba za a yi min feshin ruwa a kan mara lafiya ba."

"To ka zauna da bushewarka, ta tafi tana tsoronka."

Na zaci zai daka min tsawa. Sai ya zauna a hannun kujera yana kallon tafinsa. Ya ce, "Auta, ke ba ki san ɗakin da aka haifi yayanku ba." Na san an yi wani kafin mu, ya rasu bai fara tafiya ba, iyakar sanina ke nan. Ya ce ɗaki ne a ƙarƙashin wani gini, bangonsa na gumi, kaya su kwana uku a igiya ba su bushe ba. Yaron ya kama tari. Ranar da Baba ya ɗauke shi daga shimfiɗa, zanen goyonsa sanyi ƙalau da lema. "Ina wanke kayan mutane ina busarwa, na ɗana ban iya busar da shi ba." Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi, amma ban janye maganata ba.

Da hantsi washegari ya kawo mata shayi. Yatsansa ya taɓa haɓarta, tas. Inna ta ƙwala ihu, "Ku fitar min da mutumin nan! Ina Maigida?" Baba ya ajiye kofin a hankali ya sauka shago.

Na bi shi can anjima. Na tarar ya shimfiɗa wata farar riga, yana tsoma yatsu a kwano yana yayyafa mata ruwa, yadda na gan shi yana yi tun ina rarrafe. Sai hannunsa ya tsaya a cikin kwanon. Bai ɗago ba ya ce, "Riga ma in ta bushe da yawa ba ta kwanciya."

Da kansa ya cika na'urar. Amma Baba Baba ne, sai da ya kafa sharuɗɗa. Kullum shi zai wanke ta ya sa sabon ruwa, kullum kuma sai ya kara kumatunsa a bangon ɗakin, in ya ji gumi ko kaɗan a kashe. Ya rage hita, ya cire safa, ya ɗauke bargon roba ya kawo na auduga. Sai dai bai ƙara miƙa mata hannu ba. Yakan zauna a bakin gado, tafinsa a buɗe a kan zane kusa da ita, tururin na tashi a kusurwa, ni ina ba ta abinci.

Kwanaki suka shuɗe a haka, jikinta na ƙara yin ƙasa. Wata la'asar tana laluben bakin bargo sai yatsunta suka faɗa cikin tafinsa. Babu abin da ya yi ƙara. Ta bi kantar nan a hankali har ta kai ga tabon, sai ta damƙe hannun da hannuwanta biyu.

"Maigida, ina ka shiga haka? Da ba ka nan wani mutum ya yi ta soka min allura."

Hawaye na bin gemun Baba, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Na kore shi," ya ce. "Ba zai dawo ba."