Jirgin da Bai Taɓa Barin Shagona Ba

Bari in fara lissafa muku abin da na zuba a caca, don kada wani ya ce ban san abin da nake yi ba. Shago ɗaya mai ƙofa biyu a Dutse. Shekara goma sha huɗu ina sayar da kwamfutoci na hannu, ba wanda ya taɓa dawo mini da kaya yana zagi. Mace ɗaya da 'ya'ya uku da suke ci daga wannan shago. Na ƙarshen kuwa ba nawa ba ne, amma na haɗa da shi: 'yancin wani malamin firamare mai suna Haruna. Sunana ba zan faɗa ba. Waɗanda suka san ni sun san ni, kuma ba su da wani alheri da za su faɗa a kaina.

Ban gaji ko allura ba. Da gyaran waya na fara, a kan tebur ƙarƙashin laima, har na kai ga shiga Kano ina saro kwamfutoci. Kallo ɗaya nake yi wa kaya in san darajarsa, mai saye kuwa daga takalminsa nake gane nauyin aljihunsa. Wannan idon shi ya gina ni.

A cikin wasu kaya da na saro na tarar da wata kwamfuta mai ɗauke da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Kana zaune a kujera, allo yana nuna maka titin jirgi da gajimare da agogunan matuƙi, ka tashi ka sauka kamar gaske. A wasu ƙasashe abin sha'awa ne kawai, yadda wani yake kiwon tattabaru. Ku riƙe wannan tun yanzu: manhajar ba ta da laifi ko kaɗan. Ni ne mai laifin.

Na share ɗakin bayan shago. Na jera allo uku, na sayo kujerar mota a wurin 'yan gwangwan, kafinta ya kewaye ta da katako muka shafa fenti ruwan toka, na sa lasifika mai rugugi kamar inji. Ma'aikata suna tashi daga ofis su biyo, ɗaliban jami'a ma haka. Mutum ya biya, ya yi rabin awa yana shawagi, ya fito yana dariya. Halal ce tsantsa, kuma da na tsaya a nan da yau ba ku karanta wannan ba.

Wata rana wani ma'aikacin sakatariya ya ce cikin raha in buga masa takarda cewa ya tuƙa jirgi, ya kai wa uwargida ta daina raina shi. Na buga masa. Washegari mutum uku suka ce su ma. Sai na sa aka sassaƙa mini hatimi mai hoton fuka-fuki. Aka fara kirana Kyaftin, ban hana ba. Tela ya ɗinka mini farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, ni da ko matattakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

Ƙorafi ɗaya masu zuwa suke yi: kullum a garuruwan Turawa ake sauka, ina namu filin? Ɗan kasuwa ba ya jin buƙata ya bar ta a ƙasa. Da lokacin tashin alhazai ya zo, na bi ayarin masu rakiya. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton alhajinsa, ni kuwa katanga nake ɗauka, da ƙofofi, da hasumiya, da inda motar mai take tsayawa, da rumfar masu gadi. Kwana huɗu ina komawa, ba wanda ya kula da ni a cikin wannan taro. Na zauna na gina filin a cikin manhajar, har rumfar masu gadin ban bari ba, don dai ya yi kama.

A wannan lokacin Haruna ya fara zuwa. Daga wata ruga yake a gefen Kiyawa, yana koyarwa a firamare, bai daɗe da aure ba. Duk Asabar sai ya zo a babur. Sauran wasa suke yi, shi kuwa har littafi yake zuwa da shi yana rubutu. Ran nan ya jira kowa ya watse, ya ce, "Kyaftin, don Allah tambaya gare ni. Awowin nan da nake yi, makarantar tuƙi za ta karɓe su?"

Na dubi baburinsa sabo, na tuna mahaifinsa mai garke ne. Na ce, "Malam Haruna, ai abin da ban faɗa wa kowa ba ke nan. Ka cika awa ɗari biyu, akwai kamfanin jirgin da nake tura wa mutane."

Babu wani kamfani. A tsaye na ƙirƙire shi.

Mahaifinsa, wanda kowa yake kira Baffa, bai yarda ya sayar da saniya ba sai da ya zo ya gani da idonsa. Dogon dattijo ne, da sandarsa a kafaɗa. Ya leƙa ɗakin, ya ƙwanƙwasa katakon.

"Wannan akwatin ne zai tashi?"

"A'a Baffa, a nan ake koyo."

"To. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya koyi tatsa a jikin turmi ba."

Haruna ya ce, "Baffa, zamani ne." Dattijon ya dube ni har sai da na kawar da kai, sannan ya fita. Bayan mako guda shanu biyu suka bar garkensa.

Ga inda na haƙa ramin. Manhajar tana ajiye bayanin kowane tashi: inda jirgi ya tashi, hanyar da ya bi, da inda ya ƙare. Sandar tuƙin jirgin da na sa kuwa tsohuwa ce, tana fizga hagu. Na sani, na ƙi canzawa don ƙyashin sayen sabuwa. Saboda haka duk lokacin da Haruna ya zo sauka, sai jirgin ya kauce wa titi ya afka ginin fasinjoji. Sau arba'in da ɗaya. Dariya muke yi. Ina ce masa, "Malam, yau ma ka shiga ɗakin jira ba tikiti." Shi kuma ya ɗauka hannunsa ne bai faɗa ba, sai ya ƙara awowi.

Ɗabi'ar ɗan kasuwa ce ya nuna wa mai saye tulin kaya don ransa ya kwanta. Sai na buga duk bayanan nan a takarda, kowane da taswirarsa da jan layin da jirgi ya bi, na ɗinke su littafi guda, na danna hatimi a kowane shafi. Ban taɓa zama na dubi littafin da idon wanda bai san wasa ba ne.

Da awowi suka cika, ya fara matsa mini. Na ba shi farar riga irin tawa, da katin shaida mai hotonsa da sunan kamfanin da babu shi, na kwafa masa komai a ƙaramar kwamfuta ya riƙa gwaji a gida. Na ce ya jira kira. Niyyata in ja shi har ya gaji. Bai gaji ba. Wata safiya ya sa rigar, ya rataya katin, ya ɗauki jaka, ya tafi ƙofar filin jirgi ya ce ya zo kama aiki.

Ku tsaya a matsayin jami'an da suka buɗe jakar nan. Mutum da kayan matuƙa na ƙarya da katin jabu. Kwamfuta cike da hotunan katanga da ƙofofi da wurin zaman masu gadi. Littafi mai nuna jirgi yana afka wa ginin fasinjoji sau arba'in da ɗaya, a wuri ɗaya. Ban ga laifinsu ba da suka tsare shi. Da ni ne a ƙofar, abin da zan yi ke nan.

Kafin azahar wani mai adaidaita ya kawo mini labari. Na kwance kwamfutocin, na rufe shago, na ce wa matata sari zan tafi. Na gudu Taura wurin wani kawuna, na fake da cinikin riɗi. Wata biyar ina can. Na san kalma ɗaya daga bakina za ta nuna Haruna ba ɗan ta'adda ba ne, wawan ciniki ne kawai da ya faɗa hannun maƙaryaci. Na ji labarin matarsa ta haihu, an yi suna ba ya nan. Na ci tuwona na kwanta. Kada ku nema mini uzuri, ni ma na nema ban samu ba.

Ranar wata kasuwa ina tsugune gaban buhu, sai ƙarshen sanda ya sauka a kan ƙafata. Na ɗaga kai, Baffa ne, da ƙannensa biyu a bayansa.

"Kyaftin, ashe nan jirgin ya sauka."

"Baffa, wallahi dama ina shirin..."

"Rufe mini baki da wallahi. Na bi sawun saniyar sata kwana tara a ƙasa mai tauri, balle kai da kake tafiya kana zubar da ƙarya. Tashi."

"Baffa, a yi sulhu. Zan mayar da shanun."

"Shanu? Kai ka ga na zo da igiya? Ɗana nake nema. Ko ka tashi da ƙafarka, ko in gaya wa kasuwar nan abin da ake zargin mai wannan hatimi da shi, in ga ko za ka kai bakin titi."

Na tashi.

Suka miƙa ni ga hukuma. Jami'in da ya yi mini tambayoyi bai ɗaga murya ba. Ya ajiye littafin a gabana ya ce, "Hatimin wa ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Madalla. To ku biyu ne ke nan, kai mai tsarawa, shi mai aikatawa. Ka san hukuncin?" Nan take na auna, na ga damfara ta fi ta'addanci arha. Na ce, "Yallaɓai, ni maƙaryaci ne, amma ban shirya kashe kowa ba." Na kai su inda na ɓoye kayan, suka haɗa, wani jami'i ya zauna ya gwada sandar da hannunsa, jirgin ya fizga hagu ya shige ginin. Ba wanda ya yi dariya. Don haka in kun ji an ce tausayi ya sa na faɗi gaskiya, ƙarya ne. Tsoro ne.

Duk da haka sai da bincike ya ƙara cin wata huɗu kafin a saki Haruna. Ni kuwa alƙali ya ba ni shekara uku saboda damfara da buga takardun jabu. A gidan yari sunan ya riga ni isa. Ina ɗauke da bokitin shara wani zai ɗaga murya, "Kyaftin, yaushe za mu tashi?" Shekarar farko haushin Haruna nake ji, wai me ya sa bai jira kira ba. Sai a ta biyu, da na san yadda yini yake tsawo a bayan ƙofar da ba kai ke da makullinta ba, na fara tunanin wanda ya yi wata tara a haka bai ci na kowa ba. Daga nan na fara tuba ta gaskiya, ina roƙon Allah gafara.

Da na fito na tarar shago ya zama na wani. Na koma tebur da laima. Na hau babur har rugarsu don neman afuwa. Haruna bai fito ba. Baffa ne ya tare ni a bakin garke, bai ba ni tabarma ba.

"Baffa, gafara na zo nema."

"Wurin wa? Aikin koyarwa ya tafi. Iyayen yara sun ce ba za su ba mai harin jirgi 'ya'yansu ba, ko da takardar wankewa a hannunsa. Bana na biya masa kujerar Makka don zuciyarsa ta huce. Ya ce in bai wa wani, shi ba zai ƙara tsayawa a ƙofar filin jirgin nan ba. Hau baburinka. Allah yana gafartawa, je ka can."

Ku matasa, ba lallashinku zan yi ba. In kuna sha'awar tuƙin jirgi a kwamfuta, ku yi abinku, amma ku san wasa ne, kuma filin jirgi ba wurin gwada wasa ba ne. Kada ku ɗauki hoton abin da aka sa mutum da bindiga yana gadi. Duk wanda ya ce zai mayar da ku matuƙa a bayan shago, irina ne, ku tofa masa yawu ku wuce. Masu wayo a cikinku kuwa, masu ganin takardar wasa ɗaya ba komai ba ce, da ita na fara.

Ga ƙarshen lissafi. Na ci shanu biyu, na biya da shekara uku, hukuma ta ce mun rabu lafiya. Wanda ba a same shi da laifin komai ba kuwa, na raba shi da allonsa da ɗalibansa, na kuma toshe masa hanyar Makka. Wannan ba kotun da ta yanke mini hukunci a kansa tukuna.