Tsagar Gobir a Al Warsan

Gabana ya fara faɗuwa ne lokacin da motar ta wuce kwanar masaukinmu, mutumin ya miƙo hannu baya ya ce, "Kawo fasfo ɗinki in riƙe miki, ƙanwata." Amma bari in faro daga gida.

Kano zuwa Dubai

Kafin kiran assalatu muka bar gida ni da Gwaggo Hajara, ƙanwar babana mai fataucin yadi. Kakata ta rako mu zaure, ta shafa tsagar Gobir da ke kumatuna tana addu'a. A jirgi kuwa hoda na yi ta lafta wa tsagar, don tun ina sakandare nake jin kunyarta. A unguwar International City muka sauka, ɗaki ɗaya mu huɗu.

Bur Dubai

Washegari muka wuni a kasuwar yadi. Da la'asar muka zo tsallaka ruwa a abra, ɗan kwalekwalen nan na katako. Na farko ya cika da Gwaggo a ciki, ta ɗaga murya, "Biyo na baya, yalla, yi sauri!" Da na sauka ban gan ta ba. Sai wani dattijo mai farar jallabiya ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ya ce Hajiya ta wuce wajen masu kago, masu aika kaya gida, shi zai kai ni masauki a motarsa. Babba ne, kuma Bahaushe a ƙasar mutane. Ko sunan Hajiyar ban tambaye shi ba.

Hanyar Al Warsan

Da dattijon ya nemi fasfo, na ce masa yana hannun Gwaggo. Muka shiga tsakanin manyan sito da kwantenoni, zufa na wanke mini hoda. Ba wanda ya faɗo mini a rai sai Malama Ladi, mai koya mana tarihi a gindin darbejiya idan aji ya yi zafi. Ita ta ba mu labarin Amurka tun tana hannun Ingila: gonakin taba da auduga, jiragen da suka kwashi mutanenmu, har yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta. Ta ce idan bawa ya gudu, da tsagar garinsu ake cigiyarsa, don ita kaɗai ba a iya ƙwace masa ba. Ranar 'yan aji suka waiwayo suna yi mini dariya. Allah sarki, a motar nan har dariyar tasu na yi kewa.

Dattijon ya tsaya karɓar wani mabuɗi kusa da wata rumfar abinci. Mai tuwon, wata 'yar Nijar, ta leƙo tagar motar ta ƙura mini ido.

"Ɗiyata, wane gida a Gobir?"

"Sabon Birni, Inna," na ce.

"Ƙanwata ce, Hajiya," in ji shi.

"Ƙanwarka? Ita da tsaga, kai fuska sumul kamar ƙwai? Bon, to faɗi sunan babanta."

Ya kai hannu zai tayar da mota. Ta buɗe ƙofar ta fizgo ni, ta ƙwala wa masu dako kira. Kafin su ajiye kwanonin tuwo ya ja motarsa.

Ana kiran magariba Inna ta samu Gwaggo a waya, ina jiyo kukan Gwaggo daga nesa. Inna ta sa bakin zanenta ta goge sauran hodar da ke fuskata.

"Khalas, shi ke nan, kin tsira," in ji ta. "Don irin wannan ranar kakanninmu suka yi ta."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna, ya kai ladan kabarin wanzamin da ya tsaga ni.