Baba Tambaya da Ƙofar da Ba Ta Yi Shiru Ba

Kafin masu ƙosai na Tudun Wada su kwashe suyar farko, Baba Tambaya ya riga ya iso gindin bishiyar bedinsa da ke bayan garejin kanikawa. Ba mota yake fara taɓawa ba. Tsintsiya yake ɗauka ya share wurin tas, yana bin ƙasa da ido kamar wanda ɗan kunnen matarsa ya faɗi, don a cewarsa ƙwayar gilas ɗaya ta ishi ƙafar mai wucewa. Sannan ya fito da gilasan daga rumfa, ya jingina su jikin tsohuwar taya, ya goge kowanne da tsumma. Sai ya zauna jiran wanda tsautsayi ya faɗa wa jiya.

Aikinsa ke nan tun kafin a haifi yawancinmu, sa gilashin ƙofar mota. Babu ruwansa da inji ko birki. Mu matasan gareji muna ce masa Likitan Taga, shi kuma yana ce mana marasa aikin yi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai dai likitan nan ba ya yi maka aiki kana can kana shan shayi. Sukudireba yake miƙo maka. Direba zai zo a guje yana cewa fasinja na jira, Baba ya ce ai ba narkewa za su yi ba, kama nan. Kai za ka cire hannun ɗaga gilas. Kai za ka ɓamɓare murfin cikin ƙofa a hankali, kar maƙalansa su karye. Kai za ka ɗaye ledar da ke bayansa ka adana, don ita ke tare ruwan sama. Shi yana tsaye a kanka yana zagin hannunka, wai ko tuƙa tuwo ba za a ba ka ba. In an zo kan sabon gilas, ya nuna maka yadda ake karkata shi, a zura baki ɗaya cikin roba, sannan a kwantar da shi a mazauninsa.

Mahadi mai faci, maƙwabcinsa na rumfa, ya sha gaya masa cewa yana yanka kasuwarsa da hannunsa. Baba ya ce wanda gilas ya fashe masa can ƙauyen Karakkai tsakiyar damina, bai kamata ya kwaso bayin Allah cikin ruwa har Gusau neman wani tsoho ba.

Haka kuwa aka yi. A Bungudu akwai Malama Hauwa'u, ungozoma, mai wata tsohuwar mota da ta fi ta tari. Yaran unguwa suka fasa mata gilas da ƙwallo. Ta aika aka sayo wani, ta ɗaure zani a ƙofar gida ta sa abinta, mazan layin suna tsaye sun saki baki. Da aka tambaye ta wa ya koya mata, ta ce wani tsoho mai faɗa a Gusau. Ko sunansa ba ta riƙe ba. Irinta suna da yawa daga nan har Tsafe, kuma duk wanda ya iya, ya daina zuwa.

Kai ne, Baba, ka raba sana'arka kamar goron suna, ka zauna kana kallon rumfarka tana yin sanyi, ba ka taɓa cewa da na sani ba. Mai faɗan da ba ya kwana. Hannunka duk tabon yanka, kuma babu tabo ɗaya da ka samu a aikin ha'inci.

Doka ɗaya gare shi da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Gilashin ƙofa in ya fashe, rugurgujewa yake kamar tsakin masara, rabinsa ya zube cikin ƙofar. Sai an zura hannu an kwashe shi kaf, in ba haka ba ya toshe hudar da ruwa ke fita, ƙofa ta yi tsatsa, sabon gilas ya karce. To in an gama an mayar da komai, Baba zai buga ƙofar, ya girgiza ta, ya kara kunne. In ya ji cakar-cakar, ko sau nawa ne sai an sake kwancewa. Ya ce ƙofar da ta gyaru shiru take yi.

Kunnen nan ne ya fara tafiya bara. Ka ce masa ina kwana, ya ce ya ci. Gareji ya mai da abin wasa, har ana kwaikwayonsa a wurin mai shayi, shi ma yana taya mu dariya, bai san a kan me ba.

Ana nan sai Sama'ila, direban Golf da ke lodin Tsafe, ya shigo da leda manne a ƙofar baya. Sa ne ya kai wa gilashin ƙaho a bakin kasuwa. Sama'ila tsohon ɗalibin Baba ne, gilas kawai ya zo saye ya je ya sa da kansa. Amma ranar Baba ya daɗe bai ga aiki ba, hannunsa na ƙaiƙayi, sai ya ce masa ya zauna, yau shi zai yi. Ya yi kuwa, da irin tsabtar da muka sani. Ya buga ƙofar, ya girgiza, ya kara kunne.

Kowa ya ji ta tana cakar-cakar. Har mai rake da ke tsallaken titi ya ji ta.

Baba ya ɗago yana murmushi ya ce, "Ta yi shiru."

Mahadi ya sunkuyar da kai cikin tayarsa. Mu masu bakin nan, ranar babu wanda nasa ya buɗe. Sama'ila ya ce, "Ta yi, Baba." Ya ja motarsa har Tsafe, ya kwance ƙofar a gida, ya kwashe abin da ya rage, ya mayar. A ganinsa magana ta mutu.

Bayan 'yan kwanaki ya biyo gaisuwa. Idon Baba ya faɗa kan ƙofar motar. Bakin ledar ciki ya leƙo ta ƙasan murfin ƙofar, kuma tun Sama'ila yana koyo haka yake barin ta.

"Wa ya buɗe ƙofar ga?"

Sama'ila ya fara kame-kame, yana ɗora wa yaran gida. Baba ya kamo haɓarsa ya juyo da fuskarsa.

"Dube ni ka hwaɗi, in ga bakinka. Mi ka iske ciki?"

Sama'ila ya buɗe tafin hannunsa ya ɗan lanƙwasa, ya nuna yawan abin. Baba ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kuma kuna tsaye, ku duka."

Aka yi ta ba shi baki. Mahadi ya ce shi zai riƙa saurara masa, ai rumfunansu a haɗe suke, ba wanda zai sani. Baba ya girgiza kai. Ya ce yau mun ji tausayinsa mun yi shiru, an yi sa'a mai motar ya iya gyara. Gobe baƙo zai zo, ya tafi da ƙofa tana ruɓewa, yana yi masa addu'a. Sai ya juya ga Sama'ila ya ce ya tura ledar nan ciki yadda ya kamata, yana ba shi kunya.

Wannan makon ya kwashe kayansa. Gilasan ya bar wa Sama'ila, shi kuma ya koma Rawayya wurin ƙanensa, inda 'yar gonarsu take. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko kaza ba.

Baba Tambaya, mun gode. Allah ya saka maka, ya sa abin da ka koyar ya riga ka zuwa inda ake buƙatarsa. Ku kuma masu sana'a da kuke juya wa mutum baya in za ku kwance noti, kar ya gani ya iya, ku ji kunya ku miƙa sukudireba. Duk wanda ya taɓa sa gilas da hannunsa tsakanin Tsafe da Bungudu, ya san ta inda abin ya zo masa. Rawayya ba nisa, kuma tsohon yana nan da ransa. In kun je, kar ku yi masa godiya daga bakin ƙofa. Ku matsa gabansa inda zai ga bakinku, ku ɗaga murya.